Yawon ƙaramin jirgin ruwa a tabkuna da tsibiran Sikotlan: tambayoyi da amsoshi

Jama'a na ta tambaya a kan wannan yawon na ƙananan jiragen ruwa a arewacin Sikotlan da ke Birtaniya, musamman 'yan uwanmu masu karatu a Aberdeen da Glasgow da Dundee da iyayensu ke zuwa bikin kammala karatu suna son a ɗan zaga da su, shi ya sa na ce bari in tattara tambayoyin waje ɗaya in amsa.

Wai shi ƙaramin jirgin nan yaya girmansa yake? Irin katafaren nan ne mai hawa goma?

A'a sam, ba shi ba ne. Waɗancan masu ɗaukar mutum dubu uku dubu huɗu ba sa iya shiga yawancin inda muke magana. Waɗannan wasu mutum 8 kawai suke ɗauka, wasu 12, manyan cikinsu su ne masu wajen mutum 50. Kamfanin Majestic Line misali da tsofaffin jiragen kamun kifi ya fara, aka gyara su aka yi ɗakuna a ciki. Akwai jirgin Lord of the Glens wanda aka daidaita tsawonsa da faɗinsa don ya iya wucewa ta kanal ɗin Caledonian, wato mashigin ruwa da aka haƙa don jirage, sai Hebridean Princess wanda marigayiya Sarauniya Elizabeth ta taɓa yin hayarsa a 2006 da kuma 2010 ita da iyalinta. Babu gidan rawa a ciki, babu kantuna, babu wurin ninƙaya. Ɗakin kwana ne da banɗaki, sai falo da teburin cin abinci, sai waje inda za ka tsaya kana kallo. Kuma gaskiya kallon nan shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ta ina ake bi?

Hanya biyu ce a taƙaice. Akwai ta cikin ƙasa, daga Inverness a gabas zuwa Corpach kusa da Fort William a yamma, ta kanal da tabkuna. Sai ta teku, yawanci daga garin Oban ake tashi a shiga tsibiran da ake kira Hebrides, wato su Mull da Iona da Staffa da Skye da Eigg har zuwa Harris da Lewis. Wasu jiragen suna haɗa biyun a mako ɗaya. In ka ga an rubuta "loch" a taswira to ko dai tabki ne na ruwan daɗi, ko kuma hannun teku ne da ya kutsa tsakanin duwatsu, duka sunan ɗaya suke ba su.

Shi kanal ɗin fa, mutane ne suka haƙa?

Wani ɓangare dai. Tsawon hanyar gaba ɗaya mil 60 ne, wajen kilomita 97, amma abin da aka haƙa da hannu kusan kashi ɗaya ne cikin uku, sauran Allah ne ya yi abinsa. Akwai wata doguwar tsaga da ta raba arewacin Sikotlan biyu a miƙe, ita ce Great Glen, tabkuna suna jere a cikinta ɗaya bayan ɗaya, Loch Ness da Loch Oich da Loch Lochy, sai injiniya Thomas Telford ya zo ya haɗe su da mashigi. An fara aikin a 1803, an yi zaton shekara bakwai za a yi, amma sai 1822 aka buɗe kuma kuɗin ya kusa ninka abin da aka ƙiyasta.

Dalilin yin sa, jiragen lokacin in za su tsallaka daga gabas zuwa yamma sai sun zagaya ta can ƙuryar arewa ta Pentland Firth da Cape Wrath, ruwa ne mai cin jirage, ga kuma yaƙi da Faransa a zamanin Napoleon, ga mutanen yankin ba aikin yi suna ta barin ƙasar. To kafin a gama yaƙin ya ƙare, jirage kuma sun ƙara girma sun fi ƙarfin ƙofofin, don haka bai taɓa kawo cinikin da aka yi fata ba. Yanzu masu yawon buɗe ido da ƙananan jiragen kamun kifi da na 'yan shaƙatawa su ne ke morarsa, hukumar Scottish Canals ce ke kula da shi.

An ce jirgi na hawa tudu a wurin, ta yaya ruwa zai hau tudu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don in ba ka gani da idonka ba da wuya ka gane. Loch Oich shi ne mafi tudu a hanyar, ya ɗara teku da wajen mita 32, to dole a ɗaga jirgi zuwa can sannan a sauke shi ta ɗaya gefen. Abin da ake yi, an gina wasu ɗakunan ruwa da dutse, kowanne da ƙatuwar ƙofa gaba da baya, su suna ce musu lok, guda 29 ne a duk hanyar. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, ma'aikatan jirgin su jefa igiya sama a ɗaure, sai mai kula da ƙofa ya buɗe wasu 'yan kafofi a ƙasan ƙofar gaba, ruwan sama ya fara kwararowa ciki yana tafasa yana kumfa. Kana tsaye za ka ga bangon dutse baƙi jiƙe da gansakuka a daidai fuskarka, kaɗan kaɗan bangon yana yin ƙasa, can sai ka fara ganin takalman mutanen da ke tsaye a bakin wurin, sai gwiwoyinsu, sai ga ka kuna kallon juna ido da ido ana gaisawa. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba sai ƙofa ta buɗe a wuce. Ba famfo ba injin ɗagawa, nauyin ruwan ne kawai ke aikin, ƙofofin ne dai yanzu ake buɗewa da inji, da can da ƙarfin mutum ake juya su.

A Banavie kusa da Fort William guda 8 ne a haɗe kamar matakala, Neptune's Staircase, tana ɗaga jirgi kusan mita 20 kuma ana ɗaukar wajen awa ɗaya da rabi kafin a gama, ga dutsen Ben Nevis a gefe, mita 1,345, babu wanda ya kai shi tsawo a duk Birtaniya. A Fort Augustus kuma guda 5 ne a tsakiyar gari, mutane na zaune a kan ciyawa suna cin kifi da soyayyen dankali suna kallonku. Shawarata in an zo nan ka nemi izinin kyaftin ka sauka ka bi jirgin da ƙafa, daga waje an fi ganin yadda abin ke aiki.

Kwana nawa ake yi?

Yawanci kwana 3 ko 6, masu zuwa tsibirai na nesa kwana 10. Daga Inverness zuwa Fort William a mota bai kai awa biyu ba, amma a jirgi mako ake yi ana tafe ana tsayawa. A cikin kanal gudu bai wuce kilomita 9 ko 10 a awa, mai keke a gefen hanya zai wuce ku, kuma ba a tafiyar dare don masu ƙofa da rana suke aiki. Wanda ke son a ce ya ga wuri goma a kwana biyu gara ya hau bas ɗin 'yan yawo, wannan tafiyar ba tasa ba ce.

Dodon Loch Ness gaskiya ne?

Babu wata hujja. Labarin ya yi ƙarfi ne a 1933, hoton nan da ya shahara na 1934 mai dogon wuya an tabbatar a 1994 cewa haɗa shi aka yi da jirgin wasan yara. A 2018 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Neil Gemmell na jami'ar Otago sun ɗebi ruwan tabkin sun duba ƙwayoyin halittar duk abin da ke rayuwa a ciki, ba su ga alamar wata dabba mai rarrafe ba, abin da suka samu da yawa shi ne na dogon kifin nan mai siffar maciji.

Amma tabkin kansa abin tsoro ne ko ba dodo. Tsawonsa wajen kilomita 37, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan da ke cikinsa ya fi na duk tabkunan Ingila da Wales in an haɗa. Ruwan baƙi ƙirin yake saboda ruɓaɓɓen ciyayi da ruwan sama ke wankowa daga tsaunuka, in ka sa hannu ka nutsa kaɗan ba ka ganinsa sosai, kuma sanyinsa na iya kashe mutum cikin ɗan lokaci, kar wanda ya ce zai gwada iyo. A bakinsa akwai kangon fadar Urquhart da sojoji suka tarwatsa a 1692 don kar abokan gaba su samu, daga cikin ruwa an fi ganin kyanta.

Ni ina jin jiri da amai a ruwa, zan iya?

In kanal ne za ki iya Hajiya, ruwan kwance yake, sai dai Loch Ness kan ɗan yi igiya in iska ta biyo tsawonsa. Teku kuma wani abu ne daban. Tsakanin Mull da babban yanki akwai kariya, amma zagaya tsinin Ardnamurchan ko tsallaka ruwan Minch zuwa Harris da Lewis, nan ƙaramin jirgi yana rawa sosai in yanayi ya ɓaci. Ana sayar da maganin jirin tafiya a kowane kemis ba sai da takardar likita ba, a sha kafin a tashi, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. A fito waje a riƙa kallon nesa, kar a kwanta a ɗakin ƙasa ana danna waya. Abu mai kyau shi ne da daddare jiragen nan suna fakewa ne a lungun da ba iska, don haka barci dai ana samu.

Wane tsibiri ne ya fi?

Kowa da nasa, ni dai Staffa. Ba kowa ke zaune a kansa, dutse ne da ya fito daga aman wuta ya daskare ya zama ginshiƙai masu kusurwa shida shida a jere, sai ka rantse magini ne ya sassaƙa, ga wani kogo da teku ke shiga yana fita da ƙara, Fingal's Cave. In ka hau sama tsakanin ƙarshen Afrilu zuwa farkon Agusta za ka tarar da tsuntsayen nan fafin, baƙi da fari da baki mai ja da ruwan ɗorawa, a rami suke ƙwai, in ka zauna shiru a ciyawa za su sauko dab da ƙafarka da ƙananan kifaye jere a baki. Subhanallah, abin a gani ne.

Iona na kusa, nan ne wani malamin Kirista mai suna Columba ya sauka daga Ailan a shekarar 563 ya kafa wurin ibadar Kirista, ƙaramin wuri ne mai farin yashi kuma baƙi ba sa shiga da mota. Tobermory a Mull garin masunta ne mai gidaje kala kala a bakin ruwa, nan ake samun kanti da kemis. Eigg kuma labarinsa ne ke burge ni, mutanen tsibirin sun gaji da masu ƙasa da ke saye suna sayarwa a kansu, suka tara kuɗi da taimakon jama'a suka saye tsibirin da kansu a 1997, a 2008 suka haɗa wutar lantarkinsu daga iska da rana da ruwa. A Skye akwai Loch Coruisk a tsakiyar baƙaƙen duwatsun Cuillin, ba titin mota, sai ta ruwa ko doguwar tafiyar ƙafa, irin wurin da ƙaramin jirgi ke nuna amfaninsa ke nan.

In kana zagayawa za ka riƙa ganin kangayen gidajen dutse ba rufi a wuraren da ba kowa. Ka tambayi ma'aikatan jirgi. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa sun kori dubban talakawa daga gonakinsu don su zuba tumaki, da yawa aka loda su a jirgi zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. Shirun da baƙo ke yabawa a wuraren nan, wani ɓangarensa daga nan ya samo asali, kuma mutanen yankin ba su manta ba, har yanzu masu jin yaren Gelik suna kiran ƙauyukan da sunayensu.

St Kilda fa? Na ga hotonsa.

Tsibiri ne can cikin tekun Atilantika wajen mil 40 yamma da tsibirin North Uist, mutanensa 36 na ƙarshe an kwashe su a 1930 bisa roƙonsu. Babu kyaftin mai gaskiya da zai yi maka alkawarin kai ka, sai yadda iska ta yi. Wannan ma ya shafi duk tafiyar, takardar da aka ba ka ta wuraren zuwa fata ce kawai, kowace safiya kyaftin zai duba hasashen yanayi ya ce yau ga inda za mu, Staffa ma in igiya ta yi yawa ba a sauka. Kar ka ja da shi, ya fi ka sanin ruwan.

Wane wata ya kamata a je, kuma wane kaya zan ɗauka?

Daga Afrilu zuwa Oktoba suke aiki. Ni Mayu da farkon Yuni nake ba mutane shawara, ruwan sama ya fi sauƙi, rana doguwa, tsuntsaye sun zo. Ranar da su suke cewa ana zafi, digiri 17 ko 18, kamar safiyar hunturu ce a Kano, in an haɗa da iskar teku kuma ta fi haka. A ɗauki rigar ruwa ta kirki mai hula har da wandonta, suwaita biyu, safa mai kauri, hular sanyi, takalmi mai riƙe ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Lema ba ta da amfani, iska za ta karya ta. Mata a samu hijabi ko mayafin da ba ya tashi, dogon abaya kuma yana wahalarwa wajen sauka cikin kwalekwalen roba da ake kai mutane gaɓa da shi, gara doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi. Jaka mai laushi ta fi akwati don ɗakunan ƙanana ne.

Akwai sauro?

Babu maleriya. Amma akwai wasu ƙananan ƙwari, mijis, milimita ɗaya zuwa biyu, daga Yuni zuwa Satumba suna fitowa dubbai da safe da yamma in ba iska, cizonsu ƙaiƙayi ne kawai amma yana hana sakat. A kan ruwa ba su cika damu ba, sai an sauka gaɓa. A sayi man shafawa na korarsu a can. Wanda ya fi muhimmanci kaska ce, tana cikin dogayen ciyawa inda barewa ke kiwo kuma tana iya sa cutar Lyme, don haka in an dawo daga tafiyar ƙafa a duba jiki.

Abinci fa, za a samu halal?

Nan sai an yi magana tun wuri. Kuku ɗaya ne a jirgin, yana sayayya ne kafin a tashi, in ka bari sai an zauna a tebur sannan ka ce ba ka cin kaza ba ka cin kaza, ka sa shi a wahala kai ma ka kwana da yunwa. Tun lokacin biyan kuɗi ka rubuta musu ƙarara: ba naman alade, ba jini, ba giya ko a cikin miya ko kayan zaƙi. Na ambaci jini don karin safensu akwai wani baƙin tsiran da ake yi da jini da hatsin ot, ga naman alade soyayye, giyar wiski kuma suna zuba ta a miyar nama da wani kayan zaƙi mai suna cranachan. Wasu za su iya samo naman halal daga Glasgow in an ba su lokaci, in ba haka ba ka ce kifi da ganye kawai, kuma wallahi ba ka yi asara ba don kifin wurin sabo ne, salmon da jatan lande manya da wata miyar kyafaffen kifi da dankali da madara da suke ce wa cullen skink. Ka tafi da yajinka, abincinsu ba yaji.

A sani kuma tebur ɗaya ake ci da kowa, sauran baƙi za su sha giyarsu a wurin. Wanda hakan bai kwanta masa ba, in kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku yi hayar jirgin gaba ɗaya, masu ɗaukar 8 zuwa 12 suna yarda, a nan ku ne za ku faɗi abin da za a dafa da abin da ba za a shigo da shi ba. Yawancinsu ma ta wannan hanyar ce kawai suke karɓar ƙananan yara.

Sallah fa?

Alƙibla kudu maso gabas take, amma jirgin da ke fake yana juyawa da iska, sai ka duba kamfas ɗin waya dab da za ka tayar. Ka sa buta ƙarama a jaka, banɗakinsu takarda ce kawai. Abin da ke rikita baƙo shi ne lokaci, a watan Yuni a Inverness rana na fitowa wajen ƙarfe 4 da minti 20 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, kuma daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli jan sararin sama ba ya ɓacewa gaba ɗaya, wato Isha da Asuba sai da ƙiyasi. Ka sauke jadawalin babban masallacin Glasgow ko na Inverness kafin ka tashi, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli. Akwai masallaci a Stornoway a tsibirin Lewis, an buɗe shi a 2018. Azumi a 'yan shekarun nan wajen Fabrairu da Maris yake faɗowa, lokacin jiragen ma ba sa aiki.

Nawa ne kuɗin?

Da tsada, ba zan ɓoye ba. Na mako guda yawanci ya haura fam dubu biyu kowane mutum, na alfarma ya ninka haka, kuma mai son ɗaki shi kaɗai sau da yawa sai ya ƙara. Abinci da kwana da fita gaɓa suna ciki.

Ɗalibi ko mai ƙaramin ƙarfi kar ya karaya. Ka hau jirgin ƙasa daga Glasgow zuwa Oban, wajen awa uku, ka shiga jirgin fito na kamfanin CalMac zuwa Craignure a Mull, ƙasa da awa ɗaya, bas ya kai ka Fionnphort, daga nan minti goma ne zuwa Iona kuma akwai ƙananan jirage masu zuwa Staffa, duk a yini ɗaya in ka yi sammako. A Inverness da Fort Augustus akwai masu zagaya Loch Ness na awa ɗaya ko biyu. Sannan akwai hayar jirgin da za ku tuƙa da kanku a kanal, irin na Caley Cruisers da Le Boat, ba a neman lasisi, za su koya muku kafin ku tashi, ku yi girkinku da kanku, sai dai ba a yarda ku fita teku da shi ba.

Daga gida zan taso, me nake buƙata?

Bizar ziyara ta Birtaniya, ɗan Najeriya da ɗan Nijar da Gana da Kamaru duk sai da ita, ta Shengen ta ƙasashen Turai ba ta aiki a nan. Matsalar ita ce ba a neman bizar sai saura wata uku tafiya, su kuma jiragen nan ɗakunansu kaɗan ne, ana kama su tun wata shida ko shekara kafin lokaci. Don haka kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami ka tambaye su a rubuce me zai faru in ba a ba ka biza ba, ka kuma yi inshorar tafiya. Babu jirgin sama kai tsaye daga Najeriya zuwa Sikotlan, yawanci ta Landan ake bi, daga can ko jirgin sama zuwa Glasgow ko Inverness, ko jirgin ƙasa na dare Caledonian Sleeper daga tashar Euston. Ka iso kwana ɗaya kafin ranar tashi, in ka makara jirgin ruwan ba zai jira ba.

Zan iya kai Baba da Mama? Sun manyanta.

Kanal za ka kai su, a jirgi mai faɗi da ke tsayawa a jikin gaɓa su taka su sauka. Na teku matakalarsa a tsaye take kuma kullum sai an sauka cikin kwalekwale yana motsi, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Ka tambayi kamfanin ko akwai ɗaki a hawa ɗaya da falo, kuma a tafi da isassun magungunansu don wani tsibirin ba kemis.

Akwai netwok da wajen cajin waya?

Caji akwai, soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai baki uku, mutanen Nijar su zo da adafta. Netwok kuma yana zuwa yana ɗaukewa, a Oban da Tobermory da Fort Augustus lafiya lau, a bayan duwatsu ko lungun da aka fake da dare sau da yawa babu ko sanda ɗaya. Ka faɗa wa mutanen gida tun kafin ka tashi cewa za a iya yini biyu ba su ji ka ba, ka ba su lambar ofishin kamfanin, su suna da hanyar samun kyaftin ta rediyo in wani abu ya taso.